Rawanin Zuciya

Bahaushe ya yi wa jijiya rowar suna. Wadda ma'aikaciyar likita take lalube a gwiwar hannu don ta ɗebi jini, jijiya ce. Wadda take harbawa a wuyan hannu, a ɗora mata yatsa a ƙirga bugu, ita ma jijiya ce. Farin zaren nan da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsan ƙafa, jijiya. Abin nan mai tauri da ke gagarar haƙori a cikin tsire, jijiya. Har gawon da ke tsaye a gonakin Mirriya da jijiya yake riƙe da ƙasa. In ban da agara, wadda ta samu nata sunan don kowa yana iya kama ta a bayan diddige, duk wani abu dogo siriri da ke ratsa jiki suna ɗaya muka ba shi muka wuce.

Zuciya kuwa an yi mata akasin haka. Gaɓa ɗaya ce, amma kayan da aka ɗora mata sun fi ƙarfin ƙirga. Yaro ya yi fushi ya ƙi cin tuwo, ya yi zuciya. Ya girma ya ƙi neman na kansa, zuciyarsa ta mutu. Mai handama son zuciya ya yi masa yawa, mai amana da zuciya ɗaya yake zaune da kai, wanda aka ɓata wa rai ya haɗiye sai ka ji ya yi ajiyar zuciya. Mace mai sabon ciki ta ji ƙaurin mai, tashin zuciya ya kama ta, alhali tumbi ne ya motsa. Ita tsokar da ke cikin ƙirji, wadda duk wannan magana da sunanta ake yi, ba mu cika tsayawa mu dube ta ba.

Yaron da ya shiga makarantar kiwon lafiya ta Damagaram, ko sashen likitanci na Jami'ar André Salifou, tun shekarar farko ake raba masa jijiyarsa gida huɗu da Faransanci: artère, veine, nerf, tendon. Sai ya gama, ya sa farar riga, wata tsohuwa ta zauna a gabansa ta ce, "Ɗana, jijiya ke damuna," ko "Zuciyata ce ke ciwo." Daga nan sai ya shiga lalube. Inda kalmomin nan biyu suka gamu, wato jijiyoyin zuciya, nan ne duhun ya fi yawa, kuma nan ne rai yake rataye.

A ƙasar Damagaram babu wanda ya kai mahauci ganin zuciya ido da ido. Mutanen Sarkin Fawa, waɗanda ake taruwa kallonsu ranar hawan ƙaho, kowace safiya hannunsu yana cikin ƙirjin dabba. Ranar layya kuma kowane gida yakan samu rabonsa na wannan karatu. Kafin a banƙare raguna a jikin itace a jera su kewaye da wuta, ana fitar da kayan ciki a miƙa wa mata su soya, kuma zuciya tana cikin tasar, tare da hanta da huhu da ƙoda. Ginin zuciyar rago bai bambanta da na tamu sosai ba, shi ya sa ɗalibai a ƙasashe da yawa da ita suke fara koyo.

Za ka tarar da ita a cikin wata 'yar jaka mai santsi, da ɗan ruwa-ruwa a ciki don kada ta gogu da maƙwabtanta yayin da take motsi. Mazauninta tsakanin huhu biyu ne, bayan ƙashin ƙirji. A jikin mutum ma a tsakiya take, tsininta ne kawai ya karkata hagu, shi ya sa a ƙarƙashin nonon hagu ake jin bugun har mutane suka ɗauka can gaba ɗayanta take. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, nauyinta giram 250 zuwa 350 ga baligi.

Tsaga ta da wuƙa, ɗakuna huɗu ne. Biyu a sama masu siririn bango, biyu a ƙasa masu kauri. Wani bango ya raba dama da hagu daga sama har ƙasa, babu ƙofa a jikinsa. Ƙofofin suna tsakanin sama da ƙasa ne, da kuma bakin manyan jijiyoyi biyu da ke fita, kuma kowace ƙofa tana da ƙyaure na fata-fata da ke buɗewa gaba kaɗai, ba ya barin jini ya koma inda ya fito. Ƙyaure huɗu ke nan. Biyun da ke tsakanin sama da ƙasa an ɗaure gefensu da waɗansu fararen zaruruwa zuwa bangon ƙasa don kada ƙarfin matsa ya kifar da su baya. Su ma zaruruwan, kada ka tambaya, jijiya za a ce musu. Sautin nan biyu da likita yake saurare a ƙirji ba ƙarar tsoka ba ce, rufewar ƙyauren ce, biyu tare, sannan biyu tare.

Ana cewa zuciya ba ta da ƙashi, ana nufin ba ta jure abin da ya fi ƙarfinta. Ta ɗan Adam kam haka take. Amma mahaucin da ya saba da shanu yana da abin cewa, don a gindin babbar jijiyar zuciyar saniya akwai ɗan ƙashi, wani lokaci biyu, wanda wuƙa takan ci karo da shi, balle a tsohon bijimi. Karin maganar ba ta faɗi ba, sai dai a san da mutum take.

Tafiyar jini a cikin ɗakunan nan ba ta da wuyar bi. Jinin da ya gama zagaya jiki, ya sauke iskar oksijin ya yi duhu, yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu ya shiga ɗakin sama na dama, ya gangara na ƙasa, a tura shi huhu. A huhu ya zubar da gurɓatacciyar iska ya ɗauki sabuwa, ya yi ja jawur, ya dawo ta jijiyoyi huɗu zuwa ɗakin sama na hagu, ya gangara na ƙasa. Wannan ɗaki na ƙasa na hagu shi ne ƙarfin gida. Kaurin bangonsa ya kai santimita ɗaya, wajen ninki uku na na dama, domin na dama huhu kawai yake turawa, ga shi nan kusa, shi kuwa sai ya kai jini ƙwaƙwalwa ya kai tafin ƙafa. Daga gare shi babbar jijiya take tashi, uwar jijiyoyi, wadda kaurinta ya kai na babban yatsan hannu ko ya fi.

A nan ne sunan nan guda yake cutar da mu. Jijiyar da ke fita daga zuciya da jini daban take da wadda ke dawowa da shi. Mai fita tana da kaurin bango, tana harbawa, idan aka yanke ta jini tsartuwa yake yi. Mai dawowa sirirya ce a bango, ba ta harbawa, idan aka yanke ta kwarara kawai yake yi, ita ce kuma ake gani kore-kore a bayan hannu. Jinin da wanzami yake zuƙowa da ƙaho ya juye a ƙasa, baƙi-baƙi, guda-guda, a ce mataccen jini ya fita, da ransa aka fitar da shi. Duhun na rashin iska ne, daskarewar kuwa a cikin ƙahon ta faru, kamar yadda kowane jini yake yi in ya bar jijiya. Ba mu kaɗai muka taɓa ruɗewa a wannan wuri ba. Mutanen Girka na dā sun buɗe gawa suka tarar da jijiyoyi masu harbawa babu jini a ciki, suka yanke cewa iska suke ɗauka, kuma sunan da suka ba su a kan wannan kuskure shi ne ɗalibanmu suke haddacewa yau da Faransanci. Almajiran unguwar Birni kuwa sun san kalmomi biyu na Larabci tun suna kan allo: watin a Suratul Haƙƙa, da warid a Suratu Ƙaf. Masu tafsiri sun ce ta farko ita ce wadda ke haɗe da zuciya, in ta tsinke rai ya fita, ta biyu kuma a wuya take. Da an zo mayar da su Hausa, sai a koma gidan jiya: jijiyar zuciya, jijiyar wuya.

Kowane bugu yana fitar da wajen mililita 70. Bugu 70 a minti ga mutumin da ke zaune, kusan lita 5 ke nan, wato kusan duk jinin da ke jikinsa. A yini da kwana bugu ya kai 100,000, jinin da ya ratsa ya kai lita 7,000. Tun ɗan tayi yana da mako uku da 'yan kwanaki ake fara wannan aiki, uwar ma wataƙila ba ta tabbatar da cikin ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wannan jini da ke ratsa ɗakunanta, zuciya ba ta ci daga gare shi. Cikin ɗakunan a shafe yake da wata fata mai santsi, bangon kuma ya yi kauri, abin da zai iya tsatsowa daga ciki bai wuce ya jiƙa ɗan siririn gefe ba. Tsokar da ta fi kowace tsoka aiki tana iya mutuwa da yunwa alhali cike take da abinci.

Ɗan Damagaram ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Kowa ya san mai ga-ruwa. Yana wuni yana tura kura cike da jarkoki daga famfo zuwa Zango, zuwa Birni, zuwa Sabon Gari, amma jarkokin a rufe suke, na masu saye ne. Ruwan da zai sha da kansa sai ya tanadi 'yar gorarsa daban, ya cika ta tun a bakin famfo kafin ya tashi. Haka zuciya ta yi. Rassa biyu na farko da suke fita daga uwar jijiyoyi, tun tana bakin ƙyaure, kafin ƙwaƙwalwa ta samu, kafin hanta da ƙoda, juyowa suke yi su koma kan zuciyar da ta turo jinin.

An daɗe ba a gane haka ba. Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, ya koyar da cewa bangon da ya raba dama da hagu yana da ƙananan huji da ido ba ya gani, ta nan jini yake tsallakawa. Fiye da shekara dubu ana maimaita maganarsa. Ibn Sina ya bi shi a kan wannan, ya kuma ce ɗakunan zuciya uku ne. Sai wani likita mutumin Sham da ya zauna a Alƙahira, Ibn Nafis, ya rubuta sharhi a kan sashen sassan jiki na littafin Ƙanun na Ibn Sina wajen shekara ta 1242, bai ma cika shekara 30 ba. Ya ce babu huji, na bayyane ko na ɓoye, jini ta huhu yake bi ya zagayo. Wannan ita ce maganarsa da ta yi suna. Amma akwai ta biyu da ni ta fi burge ni: ya ƙi yarda cewa jinin da ke cikin ɗakin dama shi ke ciyar da zuciya, ya ce abincinta yana zuwa ne ta jijiyoyin da suka ratsa jikinta. Ya rasu a 1288, rubutun ya kwanta, sai a 1924 wani ɗalibin likitanci ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da shi a ɗakin littattafai na Berlin. A tsakanin nan William Harvey na Ingila ya wallafa cikakken bayanin zagayen jini a 1628, Marcello Malpighi na Italiya kuma ya hango, a huhun kwaɗo a 1661, ƙananan jijiyoyin da suka fi gashi siranta waɗanda ke haɗa masu fita da masu dawowa.

Rassan nan biyu ba ɓoyayyu ba ne. Ɗauki zuciyar rago ka dubi kitsen da ya kewaye ta tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, da layin kitsen da ya gangaro ta gaba, a cikinsa suke kwance. Na dama yana bin kwarin nan ya zagaya ta dama zuwa baya, yana ciyar da ɗakunan dama, da ƙasan zuciya a yawancin mutane, da kuma, a fiye da rabinsu, wani ɗan ƙulli da ke kunna kowane bugu. Na hagu ɗan gajere ne, bai yi nisa ba ya rabu biyu: ɗaya ya zagaya ta hagu zuwa baya, ɗaya ya gangaro ta gaba har tsini, shi ne mai ciyar da gaban babban ɗakin hagu da yawancin bangon tsakiya. Faɗin kowannensu milimita 3 zuwa 4 ne, bai kai karan alƙalamin almajiri ba. Jinin da suke ɗauka wajen rubu'in lita ne a minti, kashi 5 cikin 100 na abin da zuciya ke fitarwa. In ya gama aiki sai ya taru a wata jijiya mai faɗi a bayan zuciya ya zuba a ɗakin sama na dama, ya bi sahun sauran.

Masanan Turai da suka dube su sun ga sun yi wa zuciya zobe a sama, sai suka kira su da kalmar Latin mai nufin kambin sarauta. Larabawa suka bi su, suka jingina su ga taji. Mu sarakunanmu ba kambi suke sawa ba. Tun kafin Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, har zuwa naɗin da ake yi a fada yau, sarauta a nan naɗa ta ake yi. Kuma rawani ya fi kambi dacewa da abin da ido yake gani, don kambi ɗora shi ake yi, jijiyoyin nan kuwa nannaɗe suke, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu su gamu a ƙeya, ga jela ta sauko ta gaba. Har kunnuwa biyu akwai, irin na rawanin 'ya'yan sarki: kowane ɗakin sama yana da ɗan tsiro mai lanƙwasa, kuma daga kalmar kunne Faransanci da Larabci duka suka samo sunan ɗakunan. Da za a ji tawa, da masu shirin lafiya a gidajen rediyo sun daina cewa "jijiyoyin zuciya", wanda ke iya zama abu biyar, su ce jijiyoyin rawani. Mai sauraro a Magarya ko Tanut zai ga hoton a ransa tun kafin a gama bayani.

Yadda suke ciyar da ita ma abin lura ne. Sauran gaɓoɓi sun fi samun jini ne lokacin da zuciya ta matsa. Ita kuwa in ta matsa, tana matse ƙananan rassan da suka shiga cikin namanta, jini ya kasa wucewa. Babban ɗakin hagu yana samun yawancin abincinsa ne a ɗan tsakanin nan da ta saki, kafin bugu na gaba. Idan bugu ya yi sauri, lokacin sakin ne yake fara gajarcewa, ga aiki ya ƙaru ga lokacin ci ya ragu. Sannan ba ta da ajiya. Yawancin gaɓoɓi suna cire wajen kashi ɗaya cikin huɗu na iskar da jini ya kawo musu, su bar saura, in bukata ta taso su ƙara ɗiba. Zuciya tun tana hutawa take cire kusan kashi uku cikin huɗu. In tana son ƙari, hanya ɗaya ce: jijiyoyin rawani su buɗe, jini ya ƙaru.

Saboda haka ne ƙuncinsu yake da haɗari. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a cikin bangonsu, hawan jini da muke ce wa tansiyo yana taimaka masa, da ciwon suga, da taba, da gado. Mutum yana zaune lafiya lau, sai ya hau tudu ko ya ɗauki kaya ya ji an danne masa ƙirji, ya tsaya 'yan mintoci abin ya lafa. Hanya ta ƙuntata ke nan, ba ta toshe ba. Ranar da tarin kitsen ya fashe, jini ya daskare a kansa ya rufe hanya ruf, naman da ke gaba yana fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa, tabo ne yake maye gurbinsa. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, amma amfaninta a sa'o'in farko yake. Akwai kuma zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya a buɗe wurin, aikin da Andreas Grüntzig ya fara a Zurich a 1977. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Wanda ya kwana a gida yana shan jiƙo yana jiran gari ya waye, ya riga ya kashe sa'o'in da suka fi tsada.

Me ke sa a kwana a gida? Sau da yawa suna ne. Zuciya ba ta iya nuna inda take ciwo da kyau. Saƙon zafinta yana bin jijiyoyin saƙo ne da suke shiga laka tare da na hannu da na wuya, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum ya ji abin a hannun hagu, ko a muƙamuƙi, ko tsakanin kafaɗu. (A nan ma ga bambancin jijiya da jijiya. Tun dashen zuciya na farko da Christiaan Barnard ya yi a Cape Town a watan Disamba na 1967, na jini ake ɗinkewa, na saƙo a bar su a yanke, kuma zuciyar ta ci gaba da bugawa don tartsatsinta a jikinta yake. Mai sabuwar zuciya yakan rasa jin wannan zafin. Halinsa kuwa yana nan yadda yake, in da son zuciya ya kwanta da shi zai farka.) Idan reshen dama ne ya toshe, ƙasan zuciya ya ji yunwa, zafin yakan sauka a ƙahon zuci, tare da gumi da tashin zuciya da amai. Ƙahon zuci kuwa nan ne mazaunin olsa da ƙwannafi a wurin kowa. Sai a nemo kanwa a jiƙa. Faransancin ma bai cece mu ba, don a cikinsa ma mai jin amai cewa yake yi zuciyarsa ke ciwo. Harsuna biyu a gari ɗaya, duka sun kai tumbi ƙarar zuciya, sun kai zuciya ƙarar tumbi.

Likitan da ya ƙware ba ya tsayawa kan kalmar. Cewa yake yi, "Baba, nuna mini da hannu." Mai ciwon jijiyar rawani yakan ɗora tafin hannu ko dunƙule a tsakiyar ƙirji, ya ce nauyi ne, kamar an ɗora masa dutse. Sai a tambaye shi ko tafiya tana tayar da shi, ko hutawa tana kwantar da shi, sannan a manna masa wayoyin na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda. Zanen yana iya nuna wane reshe ne ya toshe.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, toshewar jijiyar rawani ba ita ce ta fi cika gadajen masu ciwon zuciya a ƙasar Hausa ba, ko da yake tana ƙaruwa a birane. Hawan jinin da aka bari ba magani ya fi ta ɓarna, yana sa bangon hagu ya yi kauri, sannan ya gaji ya saki. Akwai yaran da ciwon maƙogwaro ya wuce musu ba a kula ba, bayan shekaru ya dawo ya lalata musu ƙyaure. Sannan akwai ciwon da duniyar likitanci ta san ƙasarmu da shi, na masu jego.

Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an watse. Bayan 'yan makonni ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara, tari ya hana barci, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Jijiyoyin rawaninta a buɗe suke, ƙyaurenta lafiya, tsokar ce da kanta ta yi laushi, ɗakin hagu ya buɗe ya kasa matsawa, ruwa ya taru a huhu da ƙafa. A asibitin Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata fiye da 200 masu wannan ciwo, suka wallafa sakamakon a 1978. A lokacin an ƙiyasta cewa a yankin kusan haihuwa ɗaya cikin 100 tana ƙarewa da shi, adadin da ba a san irinsa ba a duniya. Sun ɗora zargi a kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai cika jiki da gishiri. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1992 cewa matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin wani sinadari, seleniyom, a jininsu. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokansa ya sake nuna ƙarancin seleniyom ɗin, ya nuna rama da talauci da hawan jinin masu ciki, bai kuma samu wankan jego da kunun kanwa da laifin da aka daɗe ana ɗora musu ba. Ni dai ba zan ba maijego mai kumburi kunun kanwa ba, don gishiri ba ya yi wa gajiyayyar zuciya alheri ko ba shi ya jawo ciwon ba. Amma kakanninmu mata sun sha zargin da ya fi laifinsu.

A gida ba a kiran wannan da sunan zuciya sam. Kumburi ake cewa, ko sanyi ya shige ta don ba ta yi wanka da kyau ba, sai a ƙara wa ruwan wuta. Alhali da magungunan da ke rage ruwa da masu sauƙaƙa wa zuciya aiki, mata da yawa suna farfaɗowa cikin watanni. Wadda zuciyarta ba ta koma daidai ba, ciki na gaba yana iya zama ajalinta. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, jihar Damagaram kuma ta haura haka, don haka cikin na gaba ba nisa gare shi ba. Wannan magana da Hausa za a yi ta, a gaban miji da uwar miji, kuma sai an zauna an zana musu ɗakin da ya buɗe da tsokar da ta saki. In aka ce musu "ciwon zuciya" kawai aka sallame su, kafin su kai bakin titi sun gama yanke hukunci cewa kishiya ce ta ɓata mata rai.